Na'urar Labbo Ba Ta Jin Maza

A duk ƙasar Dungas, tun daga bakin iyaka har ka dangana da Magarya, ban san mutumin da bakinsa ya fi hannunsa aiki kamar Labbo na Rijiyar Tamu ba. Rani ɗaya ya yi a Damagaram yana share wa wani mai gyaran rediyo rumfa, yana sayo masa shayi, amma da ya dawo sai ya ce a daina kiransa Labbo gatsau, a riƙa cewa Teknisiyan. Ba wanda ya daina. Shi kaɗai yake kiran kansa da sunan, kuma bai taɓa gajiya ba.

Abin da ya ɗaure masa gindi a garin makulli ne. Shekarar da wani furoje na masu ba da tallafi ya kawo fano na hasken rana da batir da anfili mai ƙara sauti da mikoro guda, aka ɗaure lasifika a kan gawon ƙofar mai gari, sai aka rasa wanda za a ba ajiyar ɗakin da aka zuba kayan. Labbo ya yi ta zuba har mai gari Tanko ya gaji ya miƙa masa makullin. Amma ya gindaya masa sharaɗi a gaban kowa: duk ranar da anfilin nan ya mutu a hannunsa, ranar makulli zai bar wuyansa. Labbo ya ce ai ko shi ya mutu anfilin ba zai mutu ba. Ya sa baduku ya yi wa makullin igiyar fata, yana rataye shi a saman riga don kada wani ya wuce bai gani ba. Mai son a sa masa salula a caji, mai biki, mai suna, mai shela, duk sai sun gaida Labbo da kyau. In ka cire makullin nan, abin da ya rage masa a duniya gonar gyaɗa ce da ciyawa ta fi shi saninta.

To Rijiyar Tamu ba rezo, salula ba ta kamawa. Mai son yin waya sai ya ratsa gonaki ya hau wani tudu, ya ɗaga salula sama ya yi ta juyi kamar mai koron tsuntsu. Ga shi da an gama ɗaure gero samarin garin sai su watse, wasu Agadas, wasu Libiya, wasu wurin haƙar zinariya a Jado. Shi kansa mai gari ɗansa Nazir yana Jado, kuma gwiwarsa ba ta hawan tudu.

Ana nan sai Labbo ya ga wani bidiyo a salular wani direba: wani tsohon Bature zaune gaban odinater, wato kwamfuta, da ɗan akwati a gefe, yana hira da mutanen ƙasashe ta iska, ba rezo ba kati. Labbo bai ji ko kalma ɗaya a cikin maganar Baturen ba, amma ya ce ya gane komai. Ya sayar da buhun wake ya ba direban sautu daga Kano. Kaya suka iso: ɗan akwatin rediyo kamar gwangwanin kifi, da katin sauti kamar kwalin ashana mai huda uku a jikinsa. Direban ya ce mai shagon ya ce a faɗa masa, akwatin nan ji kawai yake yi, ba ya aika magana. Labbo ya ce mai shago ɗan kasuwa ne, ba teknisiyan ba.

A ranar ya je ya durƙusa gaban mai gari ya ce hawan tudu ya ƙare. Juma'a mai zuwa bayan la'asar, mai gari zai zauna a ƙofar gidansa ya yi magana da Nazir kamar suna tabarma ɗaya.

A gindin gawon nan Ƙande take tuyar awara. Taubashiyar Labbo ce, tun suna yara ba ta taɓa raga masa ba, yanzu kuwa girma ya ƙara wa bakinta kaifi. Tana juya awara ta ce:

"Kai da ka gyara mini tocila ta koma ba ta mutuwa sai an zare mata batir, kai ne za ka kira Jado?"

"Ai ci gaba ne wannan," in ji Labbo. "Da ba ta kamawa, yanzu ba ta mutuwa. Ke dai ki ji da manki."

Ya shiga ɗakin fano ya rufe, ya jona katin sautin a tsohuwar odinater ɗinsa da yake sa waƙar biki da ita, ya zauna yana kallon hudojin nan uku. Girmansu ɗaya, launi ne kawai ya raba su: kore, shuɗi, ruwan hoda. Gaskiyar al'amari mai sauƙi ce. Kore ta nan sauti ke fita, ba ya shiga. Ruwan hoda na mikoro ne, ko wane ne ya riƙe shi. Shuɗi kuwa na shigo da sautin wata na'ura ne. Malamin lakwal na Dungas, mai koyar da boko, da zai faɗa masa haka a tsaye, amma Labbo gara ya haɗiye wuƙa da ya tambayi mutum.

Sai ya zauna ya ƙirƙiro nasa ilimin. Shuɗi launin sama ne, don haka nan akwatin da ke kamo maganar sama zai shiga. A nan ya faɗa daidai ba da saninsa ba, kuma wannan dacen ne ya ƙarasa lalata shi. Sauran biyun kuwa, ya ce abin a fili yake. Ranar zaɓe layin maza daban, na mata daban. A gidan likita haka, wurin rabon tallafi haka. Masu ƙera na'ura ba mahaukata ba ne da za su cakuɗa jama'a. Wa ke shafa hoda? Mata. To ruwan hoda ƙofar mata ce. Kore kuwa launin manya ne, ƙofar maza ke nan. Bai tsaya nan ba, sai da ya ƙara da cewa duk namijin da ya kuskura ya yi magana ta ƙofar mata, can a Jado da muryar mace za a ji shi. Ya faɗa a majalisa, ya faɗa a bakin rijiya, ya hau moto, wato babur, ya je kasuwar Dungas ya faɗa wa mutanen da ba su tambaye shi ba.

Matsalar farko, fish ɗin mikoro, wato ɗan ƙarfen da ake cusawa a huda, kaurinsa ya kai ɗan yatsa, hudar kuwa tsinke ma da ƙyar. Labbo ya ɗauke shi ya je gida ya hau gurza shi a dutsen niƙan matarsa Barakatu. Ya gurza, ya gwada, ya gurza, har ƙarfen ya cinye ya rabu biyu. Bai ko girgiza ba. Ya ɗauko ekuter ɗin Barakatu, abin sauraren nan da ake sawa a kunne, ya datse kansa, ya haɗa da wayar mikoro ya naɗe da sikoc mai manne. Bai yi ba. Ya koma ɗakin fano ya bi ta kan ekutocin mutanen da suka kawo caji, yana datsewa ɗaya bayan ɗaya, har ya faɗa kan wanda ya yi. Masu kaya da suka zo ya ce musu ɓera ne.

Yanzu mikoron gari ya daina shiga anfili kai tsaye. Baffa mai shela, wanda tun zuwan furoje ya huta da zagaye, ya koma bin lungu-lungu da ƙafa yana kwarma sanarwar rigakafin shanu, yana ƙarasa kowace shela da tsine wa wanda ya jawo masa. Labbo ya ce ya yi haƙuri, bayan Juma'a har Libiya zai riƙa yi wa shela.

Da zai gwada, Barakatu ya kira, ya cusa mikoro a ƙofar mata. Odinater ɗin dama tana jone da anfili ta hudar gefenta, yadda yake yi ranar biki. Ya ce ta faɗi wata magana mai daɗi, duniya na saurare. Duk garin suka ji muryarta daga kan gawo tana cewa, "Malam, tuwon yau da ƙarfe a ciki, kuma kai za ka ci." Labbo ya fito yana washe baki, ya ce kowa ya shaida, ƙofar mata ta buɗe. Wani ya ce to a gwada ta maza mana. Labbo ya dube shi sama da ƙasa ya ce ƙofar manya ba ta wasan yara ba ce, mai gari ne zai buɗe ta da bakinsa.

Sai batun eriya. Ana son waya mai tsawo, Labbo kuwa bai ga wadda ta dace ba sai wadda Ƙande ta ɗaure shingen garkarta da ita. Da hantsi ya warware abinsa, kafin azahar shingen ya kwanta, awakin unguwa suka shiga suka yi walima da yakuwa da zogale, har da 'yan tumatir da take lallaɓawa tun farkon sanyi. Ƙande ta zo da mataki mai nauyi da matsami a hannu. Labbo ya hau gawo, daga can ya yi mata bayanin cewa duk wani babban aiki sai an sadaukar da wani abu. Ta ce ya sauko ta sadaukar da shi. Bai sauko ba sai da manta ya fara ƙonewa ta koma.

Wayar ya ja ta daga gawo zuwa kan wani rumbu, ta ratsa hanya. Ga Labbo, wanda gajere ne, ta yi sama sosai. Wani mai raƙumi da ya taso daga kasuwa bai ga haka ba, sai ji ya yi an fizge rawaninsa an bar shi yana lilo a iska. Labbo ya ɗauko gora ya sauko masa da shi, ya ce masa ya gode wa Allah, shi ne mutum na farko da ya taɓa Libiya da kansa. Abin da mai raƙumin ya mayar masa ba ya faɗuwa a gaban yara.

A bidiyon ya ga Baturen ya binne wata waya a ƙasa. Labbo ya ga ba dalilin fasa daɓen ɗaki, ya ciko kwano da rairayi ya ɗora kan tebur ya soka wayar a ciki, yana ba ta ruwa safe da yamma kamar dashe. Da ya kunna, sai lasifika ta ɗauki wani gunji, ɓuuu, da shuu a ƙarƙashinsa. Ya ce gunjin tekun Libiya ne, shuun kuma iskar hamadar Tenere. Mutane suka taru suna saurare da ladabi. Wata tsohuwa ta rantse ta ji tarin ɗanta a ciki. Can yana ta danne-danne sai ga wata tasha ta faɗo, wani mutum yana ta sheƙa magana da yaren da ko Buzayen da ke wucewa ba su taɓa ji ba. Labbo ya ɗaga hannu a yi shiru, ya karkata kai, ya ce suna gaida mai gari ne, suna tambayar yaya aka ji da kaka. Ƙande ta ce to ya amsa musu mana, ai rashin kunya ne a gaishe ka ka yi shiru. Ya ce sai Juma'a.

Juma'a ta zo. Aka taho daga rugage, aka taho daga ƙauyuka a kan amalanke da moto, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. Aka fito da tebur ƙofar ɗakin fano, aka ɗora odinater da akwati da kwanon rairayi. Mai gari ya fito da babbar riga da rawanin da ba ya naɗawa sai in za shi Magarya, ya zauna a kujera. Labbo ya yi jawabi har jakai suka fara hamma. Sannan ya ɗaga fish sama kowa ya gani, ya yi bismilla, ya cusa a kore, ya miƙa mikoro da hannu biyu.

Mai gari ya gyara murya ya yi sallama ga Nazir. Lasifika ba ta ce uffan ba, gunjinta kawai take yi.

Labbo ya ce Jado da nisa, a ɗan ɗaga murya. Mai gari ya ɗaga. Labbo ya ce a ƙara. Mai gari ya ƙara, ya miƙe tsaye, jijiyoyin wuyansa suka tashi, yana kiran Nazir har rawanin ya kwance ya sauko masa kan ido. Liman ya karɓa ya gwada, shiru. Baffa mai shela, wanda in ya buɗe baki ana ji a ruga, ya karɓa ya zuba duk abin da Allah ya ba shi, lasifika ta share shi.  Labbo ya taɓa makullin wuyansa, ya ce ƙofar maza sabuwa ce, tana ɗumama, kafin nan a ba mata.

Inna Yakura, matar mai gari kuma uwar Nazir, ba ta jira a kira ta sau biyu ba. Labbo ya zare fish ya mayar ruwan hoda. Tana yin sallama muryarta ta faɗo daga kan gawo kamar an saki ganga, tsuntsaye suka tashi. Ta ji ƙarar, ta gyaɗa kai, ta tabbata lalle wannan ta isa Jado. Sai ta gyara zama.

"Nazir, ni ce. Kowa lafiya. Bajimin nan da ka bari, wanda ubanka ke cewa yana wurin Fulani kiwo, ba ya wurin kowa, ya sayar. Moton da yake gaya wa mutane kai ka aiko masa, kuɗin bajimin ne. Kuma bai iya hawa ba. Sau ɗaya ya gwada ya shiga da shi cikin danga. Yana nan bayan ɗaki an rufe da zana, kaza ta yi ƙwai a kai."

Dariya ta fara daga bayan amalanke ta ci gaba har gaba. Fulanin da ke wajen suka dubi juna, ɗaya ya ce shi dama ya daɗe yana mamakin wace ruga ce ake nufi. Kafin mai gari ya gama ɗage rawani daga fuskarsa mata sun ja layi. Wannan ta gaya wa mijinta a Agadas abin da ƙanensa ya yi da irin gyaɗa, waccan ta gaya wa ɗanta wanda ke zagayawa gidan budurwarsa. Ƙande da ta karɓa ba ta kira kowa ba, ta ce duk mai saurare a duniya ya sani akwai wani bawanta a nan, Labbo, tsayinsa bai kai shingen da ya kwance ba.

Mai gari ya fizge mikoro, ya ce sai ya ba ɗansa nasa bayanin. Labbo, saboda ladabi, ya yi maza ya zare fish ya mayar masa kore. Lasifika ta ɗauke. Mai gari ya yi ihu har muryarsa ta fara tsagewa. Can ya sunkuyo kusa da kunnen Labbo, a dishe ya ce masa ya sa shi inda ya sa matan.

A nan ne Allah ya buɗe wa Labbo hanyar tsira. Da ya zare fish ya cusa a ruwan hoda da ke kusa, da magana ta fito, da makulli ya kwana a wuyansa. Amma in ya yi haka, me zai ce wa majalisa? Me zai ce wa mutanen kasuwar Dungas? Sai ya ja da baya, ya dafa ƙirji, ya faɗa da ƙarfi yadda na kan amalanke ma suka ji:

"Ranka ya daɗe, ni in sa ka a ƙofar mata? Jado ta ji mai garinmu da muryar mace? Ba da hannuna ba."

Yanzu kowa ya san abin da mai gari ya roƙa a asirce. Inna Yakura ta ce a bar shi ya shigo, ai layin ba tsawo.

Labbo ya ce a ba shi wuri, ya gano ciwon: ƙofar maza ƙarfi take so, ba a ba ta isasshe ba. Ya murɗa anfili har ƙarshe. Gunjin ya zama ruri, jakai biyu suka tsinke da amalankensu suka yi cikin gonaki, yara suka fashe da kuka. Ya zagaya bayan anfili ya ciro wayoyin nan biyu masu kai ƙarfi ga lasifika, ya feƙe su da haƙori, ya murɗe su wuri ɗaya zai cusa wa kore. Aka ji tas. Wani hayaƙi mai warin ƙonannar taya ya fito daga anfili a hankali, 'yar jar fitilarsa ta lumshe ta mutu. Labbo ya ɗauki ruwan da yake ba kwanon rairayi ya sheƙa masa. Aka sake jin tas.

Ya juyo ya fara bayanin cewa wannan hayaƙin alama ce ta cewa saƙo ya tashi, amma ba wanda ke dubansa. Mai gari ake duba. Tsohon ya buɗe baki zai yanke hukunci, ba abin da ya fito sai iska, murya ta ƙare a kiran Jado. Ya sake gwadawa, ya kama maƙogwaro. Dole ya yafito matarsa ya raɗa mata a kunne.

Inna Yakura ta miƙe ta gyara mayafi. Ita ba ta buƙatar mikoro.

"Mai gari ya ce ka cire makullin."

Labbo ya duba hagu ya duba dama ko wani zai sa baki. Baffa mai shela har ya matso zai taya shi cirewa. Labbo ya ciro igiyar ta kansa, ta maƙale a kunne, hularsa ta faɗi.

"Ya kuma ce a ba Ƙande."

Mai gari ya zabura yana kaɗa hannu yana girgiza kai, domin shi ƙanensa ya ambata. Bakinsa na motsi, ba a jin komai. Inna Yakura ta dube shi da tausayi ta ce wa jama'a yana cewa ne a yi sauri.

Ƙande ta goge man awara a zaninta ta miƙa hannu. Labbo ya tsaya riƙe da igiyar, ya ce ta sani fa aikin na masu ilimi ne, in ta ga abin da ya gagare ta ta aiko a kira Teknisiyan.

"Zan aiko," in ji ta, ta zare makullin daga yatsunsa. "Gobe da safe ka zo da wayata. Akwai shingen da ke neman teknisiyan."